WA ZAI MALLAKI IRIN SHUKA? TARIHIN KAMFANIN MONSANTO

Wannan jawabi ne da wani ɗan'uwa malamin aikin gona ya gabatar a zaman matasa na mako-mako. Mun rubuto muku shi kamar yadda ya fito daga bakinsa, sai ɗan abin da muka rage saboda ƙarancin fili. A sha karatu lafiya.

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan'uwa, abin da aka nemi in yi magana a kai yau shi ne wannan kamfani da ake ce wa Monsanto. Na san da yawa a cikinku sun ji sunan, musamman tun da aka fara cece-kuce a kan irin shukar nan da aka sauya wa halitta, wanda ake kira GMO. Saƙonni suna ta yawo a waya. Wannan ya ce yana hana haihuwa, wancan ya ce in ka shuka shi sau ɗaya gonarka ta mutu ke nan har abada. To ni ba wannan na zo da shi ba. Abin da na zo da shi shi ne abin da ke rubuce a takardun kotu, da abin da kamfanin ya amsa da bakinsa, da abin da ya biya diyya a kansa. Za ku ga wannan ɗin ma kaɗai ya isa. In ka ƙara wa gaskiya gishiri, ranar da aka kama ƙarin, har gaskiyar za a haɗa a watsar, kuma su masu kamfanin babu abin da suke so kamar haka.

Asalin Monsanto ba kamfanin noma ba ne. Wani mutum ne mai suna John Queeny ya kafa shi a birnin St. Louis na ƙasar Amurka a shekarar 1901, ya sa masa sunan gidan su matarsa. Abin da ya fara yi kuwa kun san shi, sakarin ne, wannan da wasu masu zoɓo da kunun zaƙi ke sakawa don su rage kuɗin sukari. Kamfanin Coca-Cola na cikin manyan masu saye a wurinsa. Daga nan ya shiga yin magunguna, da roba, da sauran kayan haɗe-haɗe na masana'antu. Wato shekaru kusan saba'in, kamfanin sinadarai ne zalla. Ku riƙe wannan, domin halin da ya yi a wancan lokacin shi ne ma'aunin da za mu auna shi da shi yayin da ya zo yana cewa shi ne zai ciyar da duniya. Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta.

A shekarar 1935 suka sayi wata masana'anta a wani gari da ake kira Anniston a jihar Alabama. Abin da ake yi a wurin wani sinadari ne mai kama da mai, sunansa PCB. Ana zuba shi a cikin taransifoma da sauran kayan lantarki saboda ba ya kama wuta da sauƙi. Monsanto ne kaɗai ke yin sa a duk Amurka. Matsalar wannan abu ita ce ba ya ruɓewa. In ya shiga ƙasa yana nan, in ya shiga ruwa ya shiga kifi, in ka ci kifin ya zauna a kitsen jikinka, mace mai shayarwa kuma ta ba jaririnta a nono. Shekara da shekaru suna zubar da dattin wannan abu a rafin garin, suna binne saura a ramuka. Su wa ke zaune a wannan ɓangare na garin? Talakawa ne, akasarinsu baƙar fata. Suna noma 'yan lambunansu, suna kiwo, suna kamun kifi a rafin, yara suna wanka a ciki.

To ka iya cewa wataƙila kamfanin bai sani ba. Na'am, da haka ne da da sauƙi. Amma da aka je kotu aka tilasta musu fito da takardunsu na cikin gida, sai ga shi a rubuce. A shekarar 1966 wani masani da su da kansu suka ɗauko ya saka kifaye 25 masu rai a cikin wannan rafi. Cikin daƙiƙa 10 suka kife, kafin minti 4 babu ko ɗaya mai rai, fatarsu tana saɓulewa kamar an tsoma su a tafasasshen ruwa. An rubuta wannan, an kai wa manya, an ajiye a durowa. Ba a gaya wa mutanen gari ba. Akwai kuma wata takarda ta shekarar 1970 wadda a cikinta ake gaya wa ma'aikata cewa kamfanin ba zai iya jure asarar ko dala ɗaya ta ciniki ba. Ku dubi wannan lissafi, 'yan'uwa. An ɗora dala ɗaya a sikeli, an ɗora 'ya'yan mutane a ɗaya gefen, dalar ta rinjaya. Sai a 1971 aka daina yin PCB a Anniston, a 1977 kamfanin ya daina yin sa gaba ɗaya, a 1979 gwamnati ta haramta. Hukunci kuwa bai zo ba sai a 2002, sannan a 2003 aka yi sulhu a kan dala miliyan 700 da mutane fiye da 20,000. Shekara 37 ke nan bayan mutuwar waɗancan kifaye. Nawa ne suka riga mu gidan gaskiya kafin kuɗin su zo?

Na biyu shi ne yaƙin Biyetnam. Sojojin Amurka sun rasa yadda za su yi da mayaƙan da ke ɓuya a cikin dazuzzuka, sai suka yanke shawarar su kashe dajin da kansa, su kuma kashe gonakin da ke ciyar da mayaƙan. Daga 1962 zuwa 1971 jiragen sama suka yi ta feshi, wajen lita miliyan 75 na magungunan kashe tsiro. Fiye da rabi wani haɗi ne da ake kira Agent Orange, saboda zanen ruwan lemo da ke jikin gangunansa. Kamfanoni da dama ne suka yi wa gwamnati shi, Monsanto da Dow su ne manya. A cikin wannan haɗi akwai guba mai suna dayoksin, kuma Monsanto ba baƙonta ba ne, domin tun a 1949 an yi hatsari a masana'antarsu ta garin Nitro inda ma'aikata suka kamu da cututtuka saboda ita. Bayan yaƙi, tsofaffin sojojin Amurka da suka yi feshin suka kai ƙara, a 1984 kamfanonin suka biya su dala miliyan 180. Su kuma mutanen Biyetnam, waɗanda a kansu aka zuba abin, suka kai tasu ƙarar a 2004. A 2005 kotun Amurka ta kore ta, a 2009 Kotun Ƙoli ta ƙi ma sauraron su. Wanda ya yi feshi ya sami diyya, wanda aka fesa wa bai samu ba. Ba sai na yi muku sharhi ba.

To yaya aka yi mai yin irin waɗannan kaya ya koma mai sayar da iri? A shekarar 1970 wani masaninsu mai suna John Franz ya gano cewa wani sinadari, gilaifoset, yana kashe kusan duk wani koren tsiro tun daga saiwa. A 1974 suka fito da shi kasuwa da sunan Roundup. Ya karɓu ƙwarai, ya zama saniyar tatsarsu. Amma yana da aibi ɗaya a wurin manomi: bai san shuka ba, bai san ciyawa ba, duk wanda ya taɓa ya mutu. Don haka sai dai ka fesa kafin shuka ta fito. Sannan ga wata damuwa a wurin kamfanin: takardar mallakar da ta hana kowa yin maganin sai su, za ta ƙare a shekarar 2000. Daga nan kowa sai ya yi nasa, farashi ya faɗi.

Sai dabara ta zo. Me zai hana a yi shukar da maganin ba ya kashewa? Masanansu na cikin waɗanda suka fara iya cusa ƙwayar gado ta wata halitta a cikin tsiro, a shekarar 1983. Bari in ɗan yi bayani a nan don kada abin ya zama kamar tsafi. Kowane abu mai rai yana ɗauke da wasu ƙwayoyi na gado, su ne ke sa ɗa ya yi kama da ubansa, su ne ke sa wannan gero ya yi doguwar zangarniya wancan ya yi gajera. Manomi tun kaka da kakanni yana zaɓen iri, yana ware dami mafi kyau ya rataye, wannan ma sarrafa gado ne, amma a cikin jinsi ɗaya. Abin da waɗannan suka iya shi ne su ciro ƙwaya ɗaya daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa su dasa ta a waken suya ko auduga. Da haka a 1996 suka fito da abu biyu. Ɗaya waken suya ne da ba ya jin Roundup: ka fesa gonar gaba ɗaya, ciyawa ta mutu, wake ya tsaya. Ɗayan kuma auduga ce mai suna Bollgard, wadda ke yin maganin tsutsa a jikinta, tsutsa ta ci ta mutu, irin wannan shi ake kira Bt. Manoman Amurka suka yi rububinsa, domin gaskiya ya rage musu wahala. Kafin shekara ashirin, fiye da kashi 90 cikin 100 na waken suyan ƙasar irin wannan ne. Ka ga ke nan ya sayar maka da iri, ya sayar maka da maganin da irin ke tafiya da shi. Sai kuma ya bi kamfanonin iri yana saye ɗaya bayan ɗaya: Asgrow, DeKalb, Seminis mai irin kayan lambu a 2005, Delta and Pine Land mai irin auduga a 2007, har ya zama babu kamfanin iri da ya kai shi girma a duniya.

Yanzu mun zo kan abin da ni a ganina shi ne zuciyar maganar. A shekarar 1980 Kotun Ƙolin Amurka, da alƙalai 5 a kan 4, ta yanke cewa mutum yana iya mallakar abu mai rai in shi ya sarrafa shi, kamar yadda ake mallakar ƙirar inji. Wannan hukunci shi ya buɗe ƙofa. Saboda haka in ka je sayen irin Monsanto a can, ba a miƙo maka buhu kawai. Sai ka sa hannu a takarda cewa za ka shuka shi damina ɗaya, ba za ka ajiye iri daga abin da ka girbe ba, ba za ka ba maƙwabci ba. Kamfanin ya ɗauki masu bincike suna zagaya gonaki, ya buɗe layin waya kyauta don manomi ya tona asirin ɗan'uwansa manomi. Shi da kansa ya ce ya kai manoma fiye da 140 kotu.

Biyu daga ciki sun yi suna. Na farko Percy Schmeiser, wani manomi a Kanada mai noman wani tsiro da ake matsar mai daga 'ya'yansa. Ya ce shi bai taɓa sayen irinsu ba, iska ce da motocin da ke wucewa suka kawo shi gonarsa. Kamfanin ya kai shi ƙara a 1998. A nan ma sai mu faɗi gaskiya yadda take: kotu ta gano cewa bayan ya lura da tsiron da ba ya jin magani, ya ware 'ya'yansa ya sake shukawa, har ya zama kusan duk gonar irin ne. A 2004 Kotun Ƙolin Kanada ta ce ya keta haƙƙin kamfani, sai dai ba ta sa shi biyan ko kwabo ba. Na biyu kuma Vernon Bowman, wani dattijo a jihar Indiana. Shi wannan zuwa ya yi wurin masu sayen hatsi ya sayi waken suya irin wanda ake kai wa dabbobi, da kuɗinsa, ya shuka. Da yake kusan duk waken yankin na kamfanin ne, abin da ya tsiro ba ya jin Roundup. Aka ci shi tarar dala dubu 84 da 'yan kai. Ya ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, a 2013 alƙalai 9 duka suka ce kamfani ne da gaskiya. Hujjarsu ita ce, wanda ya shuka ƙwaya ta haifi ƙwayoyi, ya ƙera sabon kwafin kayan wani ke nan ba da izini ba.

Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan hujja. Ƙasa taka, gumi naka, ruwan sama da rana na Allah, amma abin da ya fito ba ka da ikon mayar da shi cikin rami. Mu a nan, mutum in irinsa ya ƙare ko shuka ta ƙone aka yi bi, gidan ɗan'uwa yake zuwa a ɗebo masa a ƙwarya, in kaka ta yi ya mayar, wani ma ba ya karɓa. Tsohuwa tana da irin kuɓewarta da na yakuwa a ƙulle a tsumma tun na uwarta. Wannan abin da mu muke gani zumunci, a ƙarƙashin waccan takarda laifi ne.

Akwai maganar da ake yawan yi cewa irinsu in ka sake shukawa ba ya tsirowa sam. Asalin maganar shi ne, a 1998 kamfanin Delta and Pine Land tare da ma'aikatar gona ta Amurka sun yi rajistar wata fasaha da za ta sa 'ya'yan shuka su zama bakarare. Duniya ta yi ca, a 1999 shugaban Monsanto ya yi alƙawarin ba za su fito da ita ba, kuma ba a taɓa sayar da irin wannan iri a kasuwa ba. Saboda haka in ka tsaya a gaban masani ka ce ba ya tsirowa, zai yi maka dariya, ya kuma yi watsi da sauran maganarka. Ai da ba ya tsirowa da ba su kai Bowman kotu ba. Abin da suka rasa ta hanyar fasaha sun same shi ta hanyar lauya. Haka maganar cewa cin abincin yana hana haihuwa. Majalisar masana kimiyya ta Amurka ta bi ɗaruruwan bincike a 2016, ta ce ba ta ga hujjar cewa wannan abinci ya fi na gargajiya cutarwa ba. Amma rahoton nan guda ya kuma ce bai ga wata hujja mai ƙarfi ba cewa fasahar ta ƙara saurin hauhawar yabanya a Amurka. Wannan ɓangaren masu talla ba su cika karanto shi ba.

Mu bar Amurka mu dubi ƙasashe irin namu. A Indiya an yarda da audugar Bt a 2002, kafin 2014 ta mamaye fiye da kashi 90 na gonakin auduga, noman auduga ya ninka fiye da sau biyu, ko da yake masana suna jayayya a kan nawa ne na iri, nawa ne na taki da ban-ruwa. Amma tsutsa ba ta zauna ba. Wata jar tsutsa ta saba da gubar, kamfanin ya amsa haka a 2010. Sabon irin da aka ce shi ne maganinta, zuwa 2015 shi ma ta saba da shi. Manomi ya koma yana sayen iri mai tsada, yana kuma sayen maganin feshi, duk a kan bashi. A Indunusiya kuma, wani jami'in kamfanin ya sa aka ba wani babban ma'aikacin gwamnati cin hancin dala dubu 50 a 2002 don a janye dokar da ta ce sai an binciki illar audugar ga muhalli. Kamfanin ya amsa, ya biya tarar dala miliyan ɗaya da rabi a 2005.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Burkina Faso, ga ta nan maƙwabciyar Nijar. Audugar Burkina ta yi suna a kasuwar duniya saboda tsawon zarenta, kuma da hannu ake tsinkarta, tana fita fes. Shekaru masanansu suka yi suna gyara wannan iri. A 2008 aka shigo da audugar Monsanto, aka aura ta da irin gida, kafin 2014 ta kai wajen kashi 70 na gonaki. Manoma da yawa sun so ta, domin feshin da suke yi sau shida ya koma sau biyu, kuma duk wanda ya taɓa goya famfon feshi a rana ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. To amma a wajen auren, an yi gaggawa. Halin gajeren zare na irin Amurka ya biyo. Da aka kai injin gurza sai zare ya fito gajere, masu saye a waje suka rage farashi, sunan da ƙasar ta yi shekaru tana ginawa ya zube. Kamfanonin audugar ƙasar suka nemi diyyar sefa biliyan 48, a 2016 aka daina shuka irin gaba ɗaya, daga baya aka sasanta. Abin lura a nan, da aka ce a koma irin da, an same shi, domin ba a bari ya ɓace ba. Da ya ɓace fa? Sannan ku lura, ba a tambayi ƙaramin manomi ba ranar da aka kawo, ba a tambaye shi ba ranar da aka janye.

Can a Amurka ma ciyawa ta yi abin da tsutsa ta yi. Da aka yi ta fesa magani ɗaya shekara bayan shekara, sai ciyayi suka saba. Mafi taurin kai a cikinsu wani ɗan gidan su alayyafo ne, yana fin mutum tsawo. Sai kamfanin ya fito da sabon iri mai jure wani maganin, dikamba. Shi kuma wannan in an fesa yana tashi a iska ya sauka gonar maƙwabci. A 2017 kaɗai ya lalata waken suya eka miliyan uku da rabi. Wasu manoman suka sayi sabon irin ba don suna so ba, sai don kada feshin maƙwabci ya ƙone musu gona. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Sai maganar ciwon daji. A watan Maris na 2015 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai yiwuwa ne gilaifoset yana jawo cutar. Hukumomin Amurka da na Turai suka ce su ba su ga haka ba in an yi amfani da shi bisa ƙa'ida, har Tarayyar Turai ta sabunta izininsa na shekara 10 a 2023. Wato masana sun rabu. Amma da aka shiga kotu, sai takardun cikin gida suka sake fitowa, aka ga ma'aikatan kamfanin suna maganar yadda za su rubuta bincike su ba masana na waje su sa hannu, don a ce masu zaman kansu ne suka wanke maganin. A watan Agusta na 2018 wani mai kula da filin makaranta a Kalifoniya, Dewayne Johnson, wanda ya kamu da ciwon daji na kaluluwa bayan ya yi ta feshi, ya ci su a kotu. Aka yanke dala miliyan 289, daga baya aka rage zuwa miliyan 20 da rabi. A Faransa kuma a 2019 aka gano an tara musu sunayen 'yan jarida da 'yan siyasa da masana wajen 200, an rarraba wane namu ne, wane sai an sa masa ido.

Wata biyu kafin hukuncin Johnson, a watan Yuni na 2018, kamfanin Bayer na Jamus ya kammala sayen Monsanto a kan dala biliyan 63, kuma abu na farko da ya sanar shi ne ya jefar da sunan. Saboda haka yau babu kamfani mai zaman kansa da ake kira Monsanto. An canza wa tuwo suna. Roundup na nan, irin na nan, takardun mallaka na nan. Bayer ya gaji dukiya ya gaji bashi: a 2020 ya ware kusan dala biliyan 11 don sasanta ƙararraki wajen dubu ɗari, ba tare da ya amsa laifi ba, kuma ya ci wasu shari'o'in ya faɗi wasu. A ƙarshen 2024 darajar Bayer gaba ɗayansa a kasuwar hannun jari ba ta kai rabin abin da ya biya ba. Amma kada wannan ya sa ku ce an gama da su. Bayan haɗe-haɗen da aka yi a waɗannan shekaru, kamfanoni huɗu, Bayer da Corteva da Syngenta da BASF, su ke riƙe da fiye da rabin cinikin iri na duniya.

To ina ruwanmu? A 2015 aka sa hannu a dokar da ta kafa hukumar NBMA mai ba da izinin irin waɗannan shuke-shuke a Nijeriya. A 2016 ta ba reshen Monsanto izinin audugar Bt, aka saki irin a 2018. A 2019 aka saki wake mai suna SAMPEA 20-T, mai jure tsutsar nan da ke huda kwanso, wanda masanan cibiyar binciken gona ta Samaru Zariya suka yi aikinsa. A 2024 aka saki masarar TELA. Ƙwayar gadon da ke cikin waken da masarar daga wannan kamfani ta fito, an ba da ita ba tare da karɓar kuɗin mallaka ba. Adalci ne mu faɗi haka, kuma adalci ne mu ce waɗanda suka yi aikin a Samaru 'ya'yanmu ne, sun san abin da tsutsa ke yi wa talaka. Wake yana barbarar kansa, saboda haka manomi yana iya ajiye irinsa. Masarar kuwa irin aure ce, wadda malaman gona ke ce wa haibirid. Ba alfadari ba ce, za ta tsira ta haihu, amma 'ya'yan ba za su yi kamar na farko ba, dole ka koma wurin dila kowace damina, kuma haka duk masarar aure take ko an sauya mata halitta ko ba a sauya ba.

Abin da nake so ku riƙa tambaya, ku da kuke karatu, musamman masu karanta aikin gona da lauya, shi ne: wannan kyauta har yaushe ce, kuma me aka rubuta a yarjejeniyar? A 2021 an sa hannu a wata doka ta kare haƙƙin masu ƙirƙiro sabon iri a ƙasar nan. Mutum nawa ne a cikinmu suka karanta ta suka ga abin da ta ce game da manomin da ya ajiye iri ko ya sayar a kasuwar ƙauye? In tsutsa ta saba kamar yadda ta yi a Indiya, wa ke bibiya, wa zai biya? Kuma hukumar da ke ba da izini, da binciken wa take aiki, nata ko wanda mai kaya ya miƙo mata? Wanda ya ɓoye labarin kifaye 25 a durowa, ba a karɓar shaidarsa a kan kansa sai an bincika. Wanda ke da gona a gida kuma, in zai gwada sabon iri ya gwada a gefe, amma kada ya bari irin gidansu ya ƙare a rumbu.

Sannan akwai wanda ya riga ya shigo, ba ya jiran izinin kowa. Tun da takardar mallakar gilaifoset ta ƙare, kamfanoni barkatai ke yin sa, yana nan jibge a kowace kasuwar ƙauye da sunaye iri-iri, tare da waɗanda suka fi shi dafi nesa ba kusa ba. Ku matasa ku ne kuke ɗaukar kwangilar feshi da damina. Za ka ga yaro da gajeren wando da silifas, famfo yana yoyo a gadon bayansa, yana gauraya magani da hannu, in bakin famfo ya toshe ya sa baki ya hura. In ya gama a ɗauraye robar a zuba man gyaɗa ko ruwan sha. Ko su masu cewa maganin ba ya cutarwa, cewa suka yi in an bi ƙa'ida. Saboda haka duk wanda zai yi feshi a cikinku ya sa doguwar riga da wando da takalmin roba, ya rufe hanci da baki, kada ya fesa yana fuskantar iska, ya yi wanka da sabulu kafin ya ci abinci, robar kuma a huda ta don kada wani ya ɗauka.

Lokaci ya tafi, na ga an miƙo takardun tambayoyi. A nan zan dakata.